Ku Tambayi Anti: "Baba ya ce ba zai biya kuɗin digirin girki ba"

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni bara na gama sakandare a nan Gombe. Na ga wani bidiyo a Facebook wata baturiya tana bayanin kwas ɗin da ta karanta wai shi HDFS, wato ilimin yadda ɗan Adam yake girma tun yana ciki har tsufa da kuma zaman iyali, wallahi Anti tun ranar abin ya tsaya min a rai don dama ni ina son harkar yara. Na je kafe mun duba kwasa-kwasan JAMB sama da ƙasa ba mu ga mai wannan sunan ba, sai mai kafen ya ce ai Hom Ikonomis ne. Da na faɗa a gida Baba ya ce shi kam ba zai biya kuɗin digirin girki ba, tuwo ai Mama ta koya min kyauta. Ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Aikin Gona da Addini, amma Kemistiri D7 na samu. Me ake nema, kuma a ina ake yi?
Ƙanwarki daga Tudun Wada, Gombe.

Wa alaikis salam ƙanwata. Mai kafe bai yi ƙarya ba, rabin zancen dai ya ba ki. HDFS suna ne da jami'o'in Amurka suka fi amfani da shi, kuma can ɗin ma daga cikin Hom Ikonomis ya fito. Matar da ta jagoranci kafa ƙungiyar masu wannan fanni ta Amurka a 1909, Ellen Richards, masaniyar Kemistiri ce, ita ce ma mace ta farko da aka ɗauka karatu a MIT, shahararriyar jami'ar fasaha ta Amurka. A 1994 ƙungiyar ta canza suna zuwa na kimiyyar iyali da masu sayen kaya, kin ga ke nan ba Baba ne ya fara jin sunan ya tsaya masa a wuya ba.

Mu nan Najeriya sai kin leƙa cikin wasu sassa za ki same shi. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta tana da sashen Hom Sayans, wato ɗan'uwan Hom Ikonomis, kuma a cikinsa akwai ɓangaren girman yara da nazarin iyali, wanda shi ne ya fi kama da abin da kika gani a bidiyon. Jami'ar Nsukka da ta aikin gona ta Makurdi, wadda yanzu ake kira Jami'ar Joseph Sarwuan Tarka, su ma suna da Hom Sayans, Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife kuma ta haɗa iyali da abinci mai gina jiki a sashe guda. Mafi kusa da mu da na san iyaye za su fi sakin jiki da ita ita ce ABU Zariya, inda Hom Ikonomis yake ƙarƙashin tsangayar ilimi. In kuma ba za a bar ki ki yi nisa ba, ga kwalejin ilimi ta tarayya, FCE, nan a cikin garin Gombe ana yin NCE ɗinsa shekara 3.

To yanzu mu zo kan inda gizo ke saƙar. Kiredit 5 ake nema, daga A1 zuwa C6, a zama ɗaya ko biyu, dole da Turanci da Lissafi a ciki. Na ƙirga naki sun kai 5 cif, amma kar ki yi murna tukuna, don ba ƙirgawa kawai ake yi ba, ana duba waɗanne ne. Galibin jami'o'in nan Kemistiri suke sa wa ido, sai Bayoloji ko Aikin Gona, kuma da yawansu wannan biyun a matsayin abu ɗaya suke lissafa su, Addini kuma bai cika shiga lissafin kwas ɗin kimiyya ba. D7 fas ne ba kiredit ba. A JAMB ma haka zancen yake, Turanci dole, sai galibi Kemistiri, sai Bayoloji ko Aikin Gona, sai na huɗu wanda ya danganta da makarantar, wasu Lissafi ko Fiziks suke so.

Kina iya cewa me ya haɗa renon yaro da Kemistiri? Za a koya miki abin da ke cikin abinci da yadda jiki ke sarrafa shi, me ya sa yaron da aka yaye da kunu zalla yake ƙanjamewa, me zafi ke yi wa bitamin a tukunya, har rini da sabulu da yadi duk suna ciki. Ba yadda za ki tsallake shi.

Shawarata ki yi rajistar NECO ta masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara, ko WAEC irin tata, ki zage ki gyara Kemistirin nan, in da hali ki ƙara da Fiziks ko Ikonomis, sai ki haɗa da sakamakonki na farko ya zama zama biyu. Kuma don Allah kafin ki cike fom ki sa a buɗe miki kundin sharuɗɗan JAMB na intanet, wanda ake kira IBASS, ki karanta layin makarantar da kike so da idonki. Na sha ganin yara sun ci maki mai kyau sun rasa gurbi saboda darasi ɗaya da aka zaɓa musu ba daidai ba a kafe, mai kafe ya karɓi kuɗinsa ya wuce, yarinya ta zauna gida shekara guda.

In kin shiga, galibi shekara 4 ne, yunit ɗin darussa aƙalla 120. Aji ɗaya kusan duk kimiyya ce da darussan gama-gari, sai daga aji biyu abin da kike so ɗin zai fara fitowa daga bakin masana halayyar ɗan Adam: matakan tunanin yaro na Piaget, matakai 8 na rayuwa da Erikson ya kawo, bayanin Bronfenbrenner na cewa yaro ba a gida kaɗai yake girma ba, unguwa da makaranta da talauci da dokar ƙasa duk suna da hannu a kansa. Wannan na ƙarshen kam ko kakata ta san shi, ita ce mai cewa ɗa na kowa ne. Akwai aure da saki, kasafin kuɗin gida, kula da tsofaffi, sai zuwa aikin koyon sana'a na SIWES ko koyarwar gwaji in ɓangaren ilimi kika bi, sai furojet a ajin ƙarshe. Girki da ɗinki suna ciki, ba zan ɓoye miki ba, amma kaso ne daga ciki.

Batun Baba kuma, kar ki tsaya jayayya da shi kan suna. Uba in ya ce digirin girki, abin da yake tambaya shi ne wane aiki za ki yi da shi. Ki samu yayarki ko kawunki ku zauna da shi a faɗa masa gaskiya: ba likita za ki zama ba, ba nas ba. Akwai koyarwa, akwai ma'aikatar mata da walwalar jama'a, akwai ƙungiyoyin agaji da suka cika arewa maso gabas suna aikin kare yara da tamowa, akwai buɗe nasare ko gidan renon yara taki ta kanki. Albashin farko ba zai burge shi ba, wannan ma ki faɗa masa da bakinki kafin wani ya riga ki.

*

Anti barka da war haka. Ina da NCE a ilimin ƙananan yara, ina koyarwa a wata nasare, shekarata 29 a duniya, ina da aure da yara 3. Zan iya ɗorawa zuwa digiri a wannan fannin ko sai na sake JAMB daga farko? Kuma ya batun bautar ƙasa?
Maman yara daga Kumo.

Barka kadai 'yar uwa. Ba sai kin koma farko ba, fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB za ki saya, wanda ake ce wa DE, a sa ki aji biyu ki yi shekara 3. Abu biyu za ki duba: sakamakon NCE ɗinki ya kai matakin da jami'ar ta gindaya, yawanci merit, sannan kiredit 5 ɗin sakandare suna nan daram, don NCE ba ta goge su, kuma nan ne mata da yawa suke tuntuɓe. Amma in zan faɗa miki ra'ayina, ki bi layin da kika faro, digirin ilimin ƙananan yara ko na jagoranci da ba da shawara, ya fi miki sauƙi a kan ki tsallaka Hom Sayans inda za a tambaye ki Kemistiri. Ki kuma leƙa FCE ki tambaya, tunda dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri da kansu, daga Kumo zuwa Gombe kuwa ba tafiyar da za ta raba ki da yara ba ce.

Bautar ƙasa ki cire ta a lissafi. Duk wanda ya haura shekara 30 ranar da ya kammala, NYSC takardar yafiya take ba shi, kuma ana neman aiki da ita lafiya lau.

*

Anti wai namiji zai iya karanta wannan kwas ɗin kuwa? Abokaina dariya suke min.
Ɗanki daga Azare.

Zai iya mana ɗana, babu inda JAMB ta rubuta mata zalla, sharuɗɗan da na lissafa a sama su ne naka. Piaget da Erikson da Bronfenbrenner da za a yi ta ba ku jarrabawa a kansu duk maza ne. Ka dai shirya zama cikin aji mai yawan mata, kuma ranar darasin girki ka zo da gyauton ɗaura wa gaba.