Kun Tambaya: Filin Bakin Titi da Kuɗin Tasha

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili a bakin titin Kano zuwa Zariya, ta wajen Kura. Ina da takardar ciniki da mai unguwa da shaidu biyu suka sa wa hannu. Nufina in yi shaguna ta gaba, baya kuma ya zama wurin lodin motoci. Izinin wa zan nema, ƙaramar hukuma ko jiha? Daga wani mai karatu a Kura.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sauke ko tifa ɗaya ta yashi, ɗauko ma'aikacin safiyo mai rajista ya ja maka tef daga tsakiyar titi. Wannan titi na gwamnatin tarayya ne, kuma mita 45.72 daga tsakiyarsa ta kowane ɓangare haƙƙin hanya ne. Duk ginin da ya shiga ciki, ranar da aka tashi faɗaɗa hanya za a shafa masa jan fenti a rushe, kuma da wuya a ba ka ko sisi, domin tun farko ba wurinka ba ne. Nan ne masu shagunan bakin titi suka fi yin asara: mai sayarwa ya fara awo daga bakin kwalta, mai saye ya ga fili ya yi tsawo ya yi murna.

Takardar mai unguwa kuwa shaida ce cewa an yi ciniki kuma maƙwabta sun sani. Tana da amfani, kada ka yar, amma ba ita ce mallaka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Wurin da ya ayyana a matsayin birni, shi kaɗai ke ba da takarda a kai. Wanda ba a ayyana ba, ƙaramar hukuma na iya ba da haƙƙin mallaka na gargajiya, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Saboda haka abin da za ka fara tambaya a KANGIS, wato hukumar jihar Kano mai riƙe da bayanan filaye, shi ne: filin nan a wane ɓangare ya faɗo, kuma akwai sunan wani a kansa ko gwamnati ta taɓa karɓarsa? In wanda ya sayar maka yana da satifiket na mallaka daga gwamna, sashe na 22 na waccan doka ya ce cinikin bai kammalu ba sai da amincewar gwamna. Mutane da yawa na tsallake wannan don gudun kuɗi, sai ranar da suka je banki neman rance su tarar har yanzu sunan tsohon mai fili ne a rubuce.

Bayan takarda sai izinin gini. A yankunan da aka ayyana birane a Kano, wannan aikin hukumar tsara birane ta jiha ne, wato KNUPDA: za ka kai zanen gini da taswirar safiyo. In an yanka filin don gidan zama ko gona ne, sai ka nemi a sauya shi zuwa na kasuwanci.

Tasha kuma maganar ƙaramar hukuma ce. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ta kafawa da kula da tashoshin mota da kasuwanni. Rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ka karɓi amsa a rubuce, ba da baki ba. Ka zauna da ƙungiyar direbobi tun da wuri, ka kuma ware ƙofar shiga daban da ta fita, don kada mota ta riƙa fitowa da baya kan babban titi.

Tambaya: Ina dako da baro da amalanke. Halal ne ma'aikatan ƙaramar hukuma su tare mu a hanya su karɓi kuɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, lasisin keke, baro, amalanke da kwalekwale haƙƙinsu ne a tsarin mulki, na mota da babur na jiha ne. Amma dokar haraji ta 1998 ta hana kowa kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Je sakatariya ka biya, ka duba rasit ɗin na ɗauke da lamba da hatimi da sunan ƙaramar hukumar, ka sa shi a leda cikin aljihu.