Amsa kan horon dokar shige da fice ga ma'aikatan ƙungiya a Amurka

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambaya ko ma'aikatan ƙungiyarku da ke taimaka wa 'yan'uwa da takardun zama a Amurka za su iya fara cike wa mutane fom da ba su shawara da zarar sun gama kwas sun karɓi satifiket. A'a, satifiket ɗin kwas ba izini ba ne. A dokar ƙasar, zaɓar wa mutum fom ɗin da ya dace da shi ma aikin lauya ne, ko da kyauta aka yi. Wanda ba lauya ba sai Ma'aikatar Shari'a ta tantance shi ta hannun ofishinta mai kula da kotunan shige da fice (EOIR), kuma ta ƙarƙashin ƙungiya ake bi.

Ƙungiyar ce ke fara neman amincewa da fom EOIR-31. Dole ta kasance ba ta neman riba, tana da shaidar yafe haraji ta tarayya, kuma yawancin waɗanda take yi wa hidima masu ƙaramin ƙarfi ne. Za ta haɗa kasafin kuɗinta, da jadawalin abin da take karɓa idan tana karɓa, da ƙa'idarta ta yafe wa wanda bai da hali. Za ta nuna littattafan doka da take dogaro da su, da lauyan ko ƙungiyar da za ta riƙa tuntuɓa idan magana ta fi ƙarfinta. Wannan yarjejeniya a rubuce ake son ta. Sabuwar ƙungiya akan ba ta amincewar gwaji ta shekara 2, daga baya ta koma ta shekara 6.

Shi kuma ma'aikaci ko ɗan sa-kai, ƙungiyar ce za ta nema masa da fom EOIR-31A. Izinin iri biyu ne. Ƙarami yana ba shi damar tsaya wa mutum a gaban hukumomin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida kaɗai, kamar USCIS mai kula da takardun zama da na zama ɗan ƙasa, ya sa hannu a fom G-28 na nuna shi ne wakilin mutumin. Cikakke yana kai shi har kotun shige da fice da hukumar ɗaukaka ƙara. Kowanne shekara 3 yake yi, kuma ranar da ya bar ƙungiyar izinin ya faɗi. Shawarata ku fara da ƙaramin. Kotu tana buƙatar iya rubuta hujja da yi wa shaida tambayoyi, kuma mutum bai samun wannan a kwas ɗaya.

Game da horon kansa, abin da ake nema shi ne aƙalla kwas ɗaya na tushen dokar baki ɗayanta. Ƙungiyar CLINIC, mai taimakon baƙi a harkar doka, na da irinsa ta intanet mai suna COIL, jami'ar Villanova kuma tana da shirin VIISTA. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a tara satifiket na taron awa ɗaya ko biyu, duk a kan neman zama ɗan ƙasa, a ɗauka ya isa. Bai isa ba. A kuma ajiye jadawalin kowane horo da sunan wanda ya koyar, domin su ake haɗawa da takardar neman izinin. Sannan ma'aikacin ya zauna kusa da lauya ko wanda aka riga aka tantance, yana kallon yadda ake yi wa mutum tambayoyin farko, yana rubuta kwanan wata da awannin da ya yi da irin aikin. Daga nan ne wasiƙun shaida guda 2 da ake buƙata wajen neman izinin za su fito da nauyi. Kada a manta a aika wa ofishin USCIS na yankin kwafin komai, domin ana sauraron ra'ayinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayoyin farko, don a nan ake jefa mutane cikin halaka da kyakkyawar niyya. Mai neman mafaka yana da shekara 1 daga shigowarsa ya miƙa fom I-589, in ban da wasu uzurori ƙalilan. Wanda ya wuce kwana 180 ba bisa ƙa'ida ba ya fita, za a hana shi dawowa shekara 3, in zaman nasa ya cika shekara 1 kuma, a hana shi shekara 10. Wanda ya taɓa cewa shi ɗan ƙasa ne don ya sami aiki ya taɓo abin da da wuya ya gyaru. Duk wanda aka taɓa kamawa, ko an rufe maganar, a tsaya sai lauya ya ga takardar kotu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda kwas ɗin zai iya wucewa a guje. Auren mace fiye da ɗaya yana cikin dalilan hana mutum takardar zama, kuma fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa yana tambaya a kai. Ma'aikaci ya yi tambayar cikin ladabi, amma ya yi ta, har da aure ko sakin da aka yi a gida ba takarda. Ya jera fasfo da takardar haihuwa da ta makaranta ya duba suna harafi-harafi, domin Muhammad a nan, Mahamadou a can, yana jawo wasiƙar neman ƙarin hujja. Takardun Nijar na Faransanci, da na ɗaurin aure na Larabci ko Hausa, sai an fassara su gaba ɗaya zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu.

Ku koya wa kowa maganar canjin adireshi tun ranar farko: fom AR-11 cikin kwana 10 ga USCIS, fom EOIR-33 cikin kwanakin aiki 5 ga kotu. Sanar da ɗaya ba ya wadatar da ɗayan, kuma wanda sammaci ya tafi tsohon gidansa bai halarta ba, alƙali na iya yanke masa hukuncin kora a bayan idonsa.

Kafin izinin ya fito, ku tsaya a kan tafinta, tara takardu, da haɗa mutane da lauya. Bayan ya fito kuma a ci gaba da horo kowace shekara ana ajiye shaida, don za a nema wajen sabuntawa, kuma a miƙa takardar sabuntawar kafin ranar ƙarewa ta wuce. Allah ya taimaka.