Ƙwaron Nan Mai Ɗaga Wutsiya a Fadamar Shinkafa: A Fesa Ko a Bari?

Tambaya daga Kura, jihar Kano: Malam, wani siririn ƙwaro mai ja da baƙi ya cika mini shinkafa bana. In an taɓa shi sai ya ɗaga wutsiya kamar kunama. Wane magani zan fesa?

Amsa: Alhaji, ajiye famfon feshin nan tukuna. Kwatancenka ya yi daidai da ƙwaron da masana ke kira Paederus, shi kuwa ba ya cin ganye, ba ya taɓa zangarniya. Abincinsa ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan shinkafa, da ƙwai da ƙananan tsutsotsin da ke ɓarna a jikinta. Aiki yake yi maka kyauta.

Amma ka tabbatar shi ne. Ka tura ɗaya cikin kwalba da tsinke, ban da hannu, ka duba shi a rana. Tsawonsa kamar milimita 7 zuwa 10 ne. Kai baƙi, bayan kai ja mai ruwan lemo, sai wani ɗan guntun sulke shuɗi ko kore mai ƙyalli, sai ciki ja, ƙarshen wutsiya baƙi. Wannan guntun sulken shi ne babbar shaida: fukafukan sama ne, gajeru, ba su rufe cikin ba, shi ya sa kake ganin gaɓoɓin cikin a fili suna lanƙwasa. Dogayen fukafukan tashi suna naɗe a ƙarƙashi. Yawancin danginsa haka suke, kuma an san fiye da iri 60,000 a duniya. Ɗaga wutsiyar barazana ce kawai, ba shi da ƙari.

Tambaya daga Argungu: Yarana suna tashi da safe da ƙuna a wuya da fuska, ana cewa fitsarin gizo-gizo ne. Maƙwabcina ya ce ƙwaron shinkafa ne ke cizon su.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Maƙwabcinki ya kusa gaskiya, sai dai ba cizo ba ne. Dafin yana cikin ruwan jikin ƙwaron, kuma yana fita ne in an murje shi a fata. Hasken ƙwan lantarki ke jawo shi ɗaki da dare, ya hau yaro, yaro ya kai masa mari cikin barci. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja, ya ɗuri ruwa, sau da yawa a miƙe yadda hannu ya goge shi. Ki koya musu su hure shi da baki ko su kaɗe shi da takarda. In an riga an murje, a wanke wurin da hannuwa da sabulu nan take, kada a kai hannu ido. A kwana cikin gidan sauro, a kashe fitilar da ke kusa da taga. In ya shafi ido ko ya fara mugunya, a tafi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Tambaya daga Gaya, Jamhuriyar Nijar: Shi ne hangarar da ke cin geronmu?

Amsa: A'a, Malam. Hangara ta fi shi girma nesa, fukafukanta dogaye ne sun rufe mata baya, kuma ita tana cin furen gero da na wake. Ita ma tana sa bororo a fata, abin da ke rikita mutane ke nan. Akwai kuma wani mai kama da shi wanda ke da almakashi biyu a wutsiya; namu ba shi da su. Tururuwa kuma tana da siririn ƙugu da ƙahonni masu gwiwa.

Tambaya daga Hadeja: Ina ganin irinsa baƙaƙe ƙirin a cikin taki. Ɗaya ne?

Amsa: 'Yan'uwa ne, tunda fukafukansu gajeru ne, amma iri daban. Waɗannan suna cin ƙwai da tsutsar ƙuda, ka bar su. Bambance iri da iri a cikin masu ja da baƙin kuwa ido ba ya iyawa, sai an duba al'aurar namiji a madubin likita. In kana son sanin na gonarka, ka sa 'yan kaɗan a kwalba mai murfi ka ba malamin gona ya kai wa masana ƙwari.