Tambayi Likita: Ɓera, Ƙwaya da Zafin Makka

Wani ɗalibi daga Madina: Likita, malaminmu ya ce ana gwada kayan maye a kan ɓeraye, wai har ɗumin jikinsu yakan saba da su. Yaya abin yake?

Gaskiya ya faɗa maka, ɗan'uwa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri, haifotalamas, shi ke riƙe ɗumin jiki kusa da digiri 37. Ranar farko da aka yi wa ɓera allurar giya, jikinsa yakan yi sanyi, don zafi na tsiyaya ta fata. Ɓera ba ya gumi irin namu, ta wutsiya yake rage zafi. In aka ci gaba da yi masa kullum a ɗaki guda, sanyin sai ya yi ta raguwa. A 1979 masu bincike a Kanada suka nuna cewa wannan sabon a ɗaure yake da wurin: da aka canja wa ɓeran ɗaki, sanyin ya dawo. Wasu kuma suka yi masa allurar ruwan gishiri zalla a ɗakin da ya saba, sai ga jiki ya ɗau zafi. Wato da ganin ɗakin jiki ya san ga ta nan tafe, ya hura wuta tun kafin ta iso. Ni dai duk sanda na tuna wannan sai na ce Allah buwayi.

Wata uwa daga Shari'a Mansur, Makka: Ɗana ya bar tiramadol wata 5. Da ya koma ya sha abin da ya saba sha, a sume aka kai shi asibiti. Me ya sa?

Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Sabon da jikinsa ya yi a da ya gushe a cikin watannin nan, shi kuwa da tsohon awo ya auna. Wuri ma yana da tasiri. A 1982 Shepard Siegel na Jami'ar McMaster ya ba ɓerayen da suka saba da hodar hirowin allura mai yawa. Waɗanda aka yi wa a ɗakin da suka saba, kashi 32 cikin 100 ne suka mutu. Waɗanda aka canja wa ɗaki, kashi 64.

Don Allah kada ki kore shi, kada kuma ki rufe maganar don gudun bakin unguwa. Ki kira 937 na Ma'aikatar Lafiya su nuna miki inda ake jinyar masu son dainawa. In kika ga numfashinsa ya ja baya, leɓe ya canja launi, ko ya soma farfaɗiya, ki kwantar da shi ta gefe ki kira motar asibiti a 997 nan take.

Wani direba daga Jidda: Abokin aikina na shan Captagon don kada barci ya ɗauke shi. Ya ce ya saba, rana ba ta damunsa.

Malam, wannan maganar ta tayar min da hankali. Ƙwayar dangin amfetamin ce: tana ƙara wa jiki zafi, ta matse jijiyoyin fata, ta kuma ɓoye gajiyar da za ta sa mutum ya nemi inuwa. Ka tuna Hajjin 2024, zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. In abokin naka ya soma sambatu jiki ya yi zafi rau, ka ja shi inuwa, ka sheƙa masa ruwan sanyi, ka yi masa fifita kafin motar asibiti ta iso. Farasitamol ba ya saukar da irin wannan zafin. Kuma kada ka bari ya sake ɗaukar fasinja a haka.