Amsa: Ƙorafin tsohon sojan Amurka mai ciwon suga

'Yar'uwa, kin ce surukinki ya yi yaƙin Biyetnam, hukumar tsofaffin sojoji ta VA ta ƙiyasta naƙasarsa a kan kashi 20 cikin ɗari, ma'aunin da ake biyan diyya da shi, saboda ciwon suga, alhali ƙafafunsa sun fara mutuwa har ba ya jin takalminsa ya zame, kina tambayar yadda zai nemi a ƙara masa.

Kada ya bari shekara guda ta cika daga ranar hukuncin bai ɗaukaka ƙara ba. Tun 2019 hanyoyi uku ne: babban jami'i ya sake duba fayil ɗin ba tare da sabuwar hujja ba, ko ya kawo sabuwar hujja, ko ya kai maganar gaban kwamitin ɗaukaka ƙara. A ganina ta biyun ce ta dace da shi, domin kashi 40 ba ya samuwa sai likita ya rubuta ƙarara cewa, bayan allurar insulin da kiyaye abinci, ya hana shi aikin wahala saboda ciwon. A nan mutane da yawa ke faɗuwa.

Mutuwar jijiyoyin ƙafa kuwa, kamar lalacewar ƙoda ko ido, ana iya auna ta daban, don haka ya nemi a gwada masa kowace ƙafa. Allah ya ba shi lafiya.