Ki Tambayi Anti: Baba ya rasu, har yau na kasa kuka

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Ni ce babba a ɗakinmu, shekarata 31, ina da aure da yara biyu. Yau kwana 52 da rasuwar Babanmu, ba wata jinya ya yi ba, ya dawo daga sallar asuba ya ce kansa na sara masa, kafin azahar rai ya yi halinsa. To Anti Mamanmu shekara biyu kenan ana mata wankin ƙoda, kuma shi ne mai kai ta mai dawo da ita, shi ke biya, shi ya san kowane magani da lokacinsa. Ga autanmu mai sikila ɗan shekara 14, ranar sadakar uku ciwon ya tashi sai da muka kwana biyar a asibiti, mutane na can gida suna karɓar gaisuwa ni ina nan ina gadin ledar ƙarin ruwa. Tun daga ranar ban zauna ba. Kuma har yau ban yi kuka ba, ko ɗigo, kowa sai ya ce kai wance akwai tawakkali, ni kuwa na san ba tawakkali ba ne, ji nake kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Ba na barci, in na kwanta lissafin kuɗin wanki nake. Shekaranjiya na daka wa Mama tsawa don ta ƙi shan magani, na shige banɗaki ina jin kamar ƙasa ta tsage in faɗa. Hular Baba tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, ko kallonta ba na iya yi. Sannan gwaggonmu ta ce wai mai takaba ba ta fita, a dakata da wankin sai ta gama. Anti zuciyata ce ta bushe, ko dama ba na son Babana ne ban sani ba?

Daga ƙanwarki a Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba Mama da auta lafiya.

Bari in fara da maganar Gwaggo don ita ce ba ta jira. Kar a fasa wankin nan ko sau ɗaya. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, haka ya zo a Suratul Baƙara aya ta 234, mai wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku ake so a ɗora shi a kan injin a sati, kowane zama wajen awa huɗu, in aka tsallake ruwa ne zai taru a jiki, ƙafa ta kumbura, numfashi ya fara gagara, sinadarin fotasiyam ya hau har ya iya tsayar da zuciya. Ke da kanki lissafa sauran kwanakin takabar, sama da wata biyu, babu wanki. Kuma ko a mazhabar Malikiyya da muke bi mai takaba tana fita da rana don buƙatarta ta dawo ta kwana a ɗakinta, balle fitar asibiti da rai ya rataya a kai. Amma kar ki tsaya musu da Gwaggo, ke 'ya ce, ba za ta ji daga bakinki ba, ƙarshenta ma a ce kin yi rashin kunya. Ki sa kawu ko baffa ya ɗauko malamin unguwa da take ganin girmansa ya faɗa mata a gaban Mama, shi kenan an kashe bakin zance.

To sai ke. Wadda ba ta son ubanta ba ta kasa kallon hularsa. Abin da ya same ki shi ne ba a ba ki filin makoki ba, ranar da ya kamata ki zauna kan tabarma mata su kewaye ki ana miki gaisuwa kina share hawaye da bakin mayafi, ke kina layin biyan kuɗi da takardar magani a hannu. Jikin ɗan adam yana da wannan dabara, in ya ga gobara ba ta mutu ba sai ya kulle kukan ya ajiye. Ni da ke miki wannan rubutu, lokacin da tawa mahaifiyar ta rasu haka na yi ta kai da kawo ido a bushe har ana yaba min, sai bayan kusan wata biyar ina juye miyar kuka na ɗauko wata 'yar ludayin duma da ita kaɗai ke amfani da ita, kawai na zauna daɓas a ƙasan kicin na yi ta rusa kuka har tuwo ya kama. Naki ma yana zuwa, kuma ba zai yi sallama ba. In ya zo kar ki danne shi don kar a ce mai tawakkali ta karaya. Manzon Allah (SAW) ya yi hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi.

Ni wannan yabon na "wance akwai tawakkali" ma haushi yake ba ni wallahi, don sau da yawa hanya ce ta zame jiki. An yaba miki, an shafa fatiha, an karkaɗe zani an tafi, an bar ki da kaya niƙi-niƙi. Alhali da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, cewa Annabi ya yi a dafa wa iyalan Ja'afar abinci don abin da zai shagaltar da su ya same su. Mu kuwa mun juya abin, gidan mutuwa ne ke ɗora tukwane yana ciyar da unguwa. Saboda haka ki daina jiran wani ya lura. Duk wanda ya ce miki "in akwai wani abu ki faɗa", ki faɗa ɗin, kuma ki faɗa da suna da rana: Baffa kai ne na kai Mama ran Talata, Yaya wane kai ne na Juma'a, Anti wance ke ce da kwanan asibiti in na auta ya tashi. Ki buɗe guruf a WhatsApp na 'yan uwa na jiki kawai, duk rasit ki ɗauki hotonsa ki tura, ba don gori ba, don mutane in ba su ga lamba da idonsu ba gani suke kamar kuɗin daga sama yake faɗowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ki samo littafi ɗaya ki rubuta sunan magungunan Mama da lokutansu da ranakun wanki, abin da ya jefa ku a ruɗani ai komai a kan Baba yake, kar kuma ya koma kanki ke kaɗai. Ki zauna da maigidanki ku yi magana a fili kan kwanakin da za ki riƙa kwana gida, kar a je ana gyaran wani ɓangare wani yana rushewa.

Auta kuwa, ba mamaki ciwon ya tashi ranar uku. Damuwa da rashin barci da rashin shan ruwa da sanyi da zazzaɓin sauro duk suna tayar da sikila, a gidan makoki kuwa wa ke tuna yaro ya sha ruwa? A kula da ruwansa, da ƙwayar maganinsa ta folik asid, da gidan sauro, da rigar sanyi in hunturu ya shigo, zazzaɓi ko ciwon ƙirji kuma ba a kwana da shi a gida. Sannan shi ma maraya ne fa, ba majinyaci kawai ba. Ki riƙa yi masa hirar Baba.

Tsawar da kika yi wa Mama, ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri, magana ta ƙare, gajiya ce ta yi magana da bakinki. Amma ki lura da ƙin shan maganin nan. Matar da mijinta ke ɓare mata ƙwaya ya miƙa mata da kofin ruwa shekara biyu, yanzu kowace ƙwaya tuna mata shi take. Ki zauna kusa da ita ki tambaye ta, in kuma kin ji tana cewa gara ta bi shi, ki sanar da likitanta.

Ke ma ki je a auna ki. Uba ya tafi farat ɗaya da ciwon kai, uwa tana wankin ƙoda, hawan jini kuma yana bin dangi, in awonki yana kai 140/90 ko sama a kai a kai to a fara lura tun yanzu. Rashin barcin in ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko kika daina cin abinci, ko kika fara jin rayuwar ta ishe ki, ki ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a asibitin koyarwa na Shika nan kusa da ke, akwai kuma asibitin gwamnatin tarayya na Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba hauka ba ne kuma bai kore addu'a ba. Kar dai ki saya wa kanki maganin barci a kemis.

Hula kuwa ki bar ta a ƙusarta, ki ce kar kowa ya cire, ko masu rabon gado sun zo ki roƙa a bar miki ita cikin kasonki. Ki sake rubuto min bayan Mama ta fita takaba in ji ya jikinta, da kuma ko Baffa ya riƙe Talatarsa.