Amsoshin wasiƙun manoma: gonar da ta yi tauri, da mai neman maganin gara

Toh jama'a, wasiƙun wannan karon kusan duk kuka ɗaya ne, ƙasa ta yi tauri, ruwa ba ya shiga, an zuba taki ba a ga komai ba. Bari mu fara da wani Alhaji daga wajen Giwa. Ya ce shekara shida kenan tarakta ke masa haro a gonar masara, da farko abin gwanin sha'awa, amma yanzu da an yi ruwa mai ƙarfi sai gonar ta kwanta da ruwa kamar fadama, in kuma rana ta buɗe kwana huɗu sai masara ta fara naɗe ganye kamar ana fari. Wai ko ya ƙara buhun yuriya?

Alhaji kar ka ƙara ko mudu ɗaya. Ka nemi guntun rodi, washegarin da aka yi ruwa ka je ka soka shi a gonar. Za ka ji ya shige sumul kamar santimita 15 zuwa 20, daga nan sai ya ci karo da wani abu kamar daɓe. Wannan daɓen kai ka yi shi da kuɗinka, domin faifan haro wuri ɗaya yake tsayawa duk shekara, ga nauyin tarakta a sama, ƙasar da ke ƙarƙashi sai ta yi ta dannuwa har ƙofofin da ruwa da iska ke bi su toshe. In kana shakka ka tono masara ɗaya, za ka ga saiwar ta sauka kaɗan sai ta karkata gefe. Ruwa bai wuce ƙasa ba, saiwa ba ta bi shi ba, shi ya sa gona ɗaya take maka ambaliya da fari a sati ɗaya. Kuma babban abin da ke jawo wannan shi ne shigar da tarakta ƙasa tana jiƙe sharkaf, na san dalili, layi ake bi, ranar da direba ya zo ranar ce, amma dai ka dunƙula ƙasar a hannu tukuna, in ta murzu ta yi tsawo kamar igiya ba ta karye ba to ka ba shi haƙuri ya dawo jibi. Maganin daɓen da ya riga ya samu shi ne garmar nan mai dogon haƙori da ke tsaga ƙasa ba ta juya ta ba, a ja ta lokacin da ƙasa ta tsane, ta wuce zurfin daɓen. Bayan nan haro sau ɗaya ya isa, huɗa kuma a bar wa shanu. Masu cewa direba ya maimaita har sai ƙasa ta koma kamar garin tuwo, ruwan farko zai mayar da garin nan ɓawo, iri ya tsiro ya kasa huda shi.

Wani matashi daga Funtuwa yana tambaya, tunda toka taki ce me ya sa muke hana ƙona gona? Saboda ɗan abin da ka samu a tokar bai kai rufin da ka ƙone ba, tokar ma rabinta iskar hunturu za ta kai gonar maƙwabcinka.

Sai wasiƙar da ta sa na ajiye biro na yi tagumi. Wani Malam daga wajen Maigatari ya ce ya ji shawararmu ta bara ya bar karan gero a wani gefen gonarsa da ya zama fako, sai ga gara ta taso ta cinye karan tas, yanzu yana son sunan maganin da zai fesa, an gaya masa wani amma kuɗin ya yi yawa. Haba Malam! Ka gayyaci ma'aikata sun zo suna maka aiki kyauta kuma kana neman kuɗin da za ka kashe su? Ai cin karan shi ne aikin. Fako ba komai ba ne illa ƙasar da aka bari tsirara, ɗigon ruwan sama ya yi ta dukanta yana farfasa ƙananan dunƙulenta, lallausar ta toshe ƙofofi, rana ta gasa, sama ta yi sulɓi kamar siminti, ruwa ya zo ya zame ya wuce ya tafi da ɗan abin da ya rage. Fartanya ba ta kama shi, in ma ka kafce da ƙyar ruwa biyu zai sake rufewa. Amma gara daga ƙasa take zuwa, in ta ji busasshen kara ko kashin shanu sai ta huda ɓawon nan ta fito, ta bar ramuka birjik, kowane rami hanyar ruwa ce, kuma tana fito da ƙasar can ciki tana gauraya ta da abin da ta ci. Ka koma wurin da ka ce ta cinye karan, ka ɗaga ragowar ka zuba ruwa buta ɗaya, ka zuba wata butar a fakon da ba ka rufe ba, ka tsaya ka ga wanne zai riga shanyewa, sannan ka sake rubuto min.

Wannan fa ba sabon ilimi ba ne. Mutanen ƙasar Tawa a Nijar da shi suka farfaɗo da gonakin da aka yi watsi da su, suna kiransa tassa, a Burkina Faso kuma zai, can ne marigayi Yakuba Sawadogo na yankin Yatenga ya shahara da shi har aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018, mutumin da a farko mutanen garinsu mahaukaci suka ɗauke shi. Da rani ake haƙa ramuka, faɗi kamar santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, taku guda tsakaninsu, ƙasar da aka fitar a tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafi biyu a kowane rami a bar shi. Kafin ruwa ya sauka gara ta gama huda ƙasan ramin. Akwai wahala, ba zan ɓoye maka ba, haƙar fako a watan Maris sai mai zuciya, amma wahalar shekarar farko ce ta fi yawa.

Ban ce gara waliyyiya ba ce. Tana cin rumbu, tana cin azara, tana kayar da masara da rake, tana shiga gyaɗa musamman in ruwa ya ɗauke. A rumbu da ɗaki ka yi maganinta ba wanda zai ce don me. Amma a gona na sha lura ta fi faɗa wa shuka a inda aka share komai fes ba a bar mata busasshen abu ba. Ga shi mun koma kwashe kara kaf, na danni, na girki, na dabbobi, na sayarwa, na sani kara kuɗi ne yanzu ba zan ce a bar shi duka ba, amma ko kashi ɗaya cikin uku a kwantar a wuraren da suka fara sanƙo. A cibiyar binciken noma ta Samaru akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, ana gwada kashin shanu da takin zamani, kuma abin da ya nuna shi ne wanda kakanninmu na kewayen Kano suka sani suna jigilar taki a mangala daga birni zuwa gona: takin zamani shi kaɗai yana ciyar da shuka amma ba ya gina jikin ƙasa, sai an haɗa da na gida.

Wata Hajiya daga Jibiya ta ce 'ya'yanta na son sare gawo uku da mahaifinsu ya bari a gona, wai suna hana tarakta juyawa. Hajiya ki ce musu direban ya koyi kwana. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma dabbobi su taru a ƙarƙashinsa cin 'ya'yansa su bar taki, ki sa su tona gindinsa su ga yadda ƙasar take baƙa da laushi. Su tsallaka Maraɗi ma su gani, ga ta nan kusa da ku, tun wajen 1983 aka fara abin da suke kira sassabin zamani, maimakon a tumɓuke kututturen sabara da kalgo sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ana ƙiyasta fili kamar hekta miliyan 5 ne ya sake yin itatuwa ta haka a kudancin Nijar, kuma iska ta rage binne musu shuka da rairayi.

Mai tambayar ko ya kewaye gonarsa da itacen turare: kar ka yi, zai shanye damshin kunyoyin da ke kusa da shi. In kariyar iska kake so ka sa darbejiya, ita aka jera a kwarin Majiya da ke Nijar tun 1975, amma ita ma ka ba ta tazara kana rage mata rassa.

Akwai ɗan'uwa daga Ɗanja da ruwa ya fara yanka masa kwazazzabo a tsakiyar gona. Na tabbata kunyoyinka gangare suke bi saboda shanu sun fi jin daɗin haka. Ka juya su su gitta gangaren, ka dasa layin jema ko gamba a inda ruwan ke tattaruwa, bakin ramin kuma ka jera duwatsu tun yana iya gwiwa, in ya kai tsayin mutum ya fi ƙarfinka.

Na ƙarshe mai noman rani a Kadawa, ya ce wani farin abu kamar kanwa na fitowa a saman fangalinsa, wane taki zai saya? Ba na saye ba ne ɗan'uwa, ruwa ne ya yi yawa ba shi da mafita, yana tasowa da gishiri ya bushe a sama. Ku haɗu da maƙwabtanka ku yashe magudanar da ta toshe, ka rage ban ruwan, sauran wasiƙun kuma sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.